Me ya sa ƙarin bafa bai hana toras ɗinka tsayawa cak ba?

Wani ɗalibin digiri na biyu a fannin injiniyan kwamfuta a nan Kano ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, barka da aiki. Na rubuta manhajar da ke kwaikwayon hanyar sadarwar cikin babbar kwamfuta. Na jera rauta 64, takwas-takwas, a tsarin toras, fakiti na tafiya da salon tsutsa, da layin jira ɗaya a kowace ƙofa. Da zarar na ƙara lodi sai komai ya tsaya cak. Na ɗaga bafa daga filit 4 zuwa 8, har zuwa 32. Tsayawar ta ɗan jinkirta, amma ba ta fasa zuwa ba. Da na cire wayoyin zagaye na mayar da shi raga sai ya daina tsayawa, sai dai tsakanin 8 da 32 kusan babu bambanci a yawan abin da ke wucewa. Ina matsalar take, kuma bafa nawa ya kamata in sa?"

Ƙanena, yawwa, barka kadai. Manhajarka lafiyarta ƙalau. Abin da ka gani shi ne abin da injin gaske zai yi da an ƙera shi haka, kuma na ji daɗi da ka ci karo da shi da hannunka. Abubuwa biyu ne suka haɗe maka: sarƙewar da ta tsayar da toras, wato ragar rauta (na'urorin da ke miƙa fakitocin saƙo daga maƙwabci zuwa maƙwabci) da aka haɗa gefe da gefe da wayoyin zagaye, da kuma iyakar amfanin bafa, wato ɗan ma'ajiyar da saƙo ke jira a ciki a kowace ƙofa, da ka gani a raga. Tushensu ɗaya ne, don haka bari mu fara daga tushen.

Suwic ɗin Ethernet da za ka saya a Beirut Road, idan fakitoci suka yi masa yawa ma'ajiyarsa ta cika, zubar da su yake yi, ya bar TCP, ƙa'idar da ke tabbatar da isar saƙo a intanet, ya gano daga baya ya sake turowa. A intanet wannan ba laifi ba ne. A cikin injin da furosesa dubbai ke yin lissafi guda tare kuwa, babbar asara ce. Saƙo daga wannan furosesa zuwa wancan yana ɗaukar maikurosakan 1 ko 2 ne a injinan zamani, alhali TCP na Linux, idan ta kai ga sai agogonsa ya buga kafin ya sake tura abin da ya ɓata, mafi ƙarancin jiransa milisakan 200 ne, wato maikurosakan 200,000. Ga shi kuma shirye-shiryen MPI, wato tsarin da furosesa ke musayar saƙo da shi a irin waɗannan injina, suna yawan tsayawa a wani mataki sai kowa ya iso sannan a ci gaba, saboda haka fakiti ɗaya da ya salwanta yana iya zaunar da furosesa dubu goma. Shi ya sa tun ran gini aka yanke cewa a irin wannan hanya ba a zubar da komai. Ba a sakin ko guntun saƙo sai an tabbatar akwai gurbin da zai sauka a rauta ta gaba. Duk maganar sarrafa kwarara da rabon bafa daga wannan doka ta fito, da alherinta da wahalarta.

Injinan farko, irin su Cosmic Cube mai furosesa 64 da Charles Seitz da abokan aikinsa suka haɗa a Caltech a farkon shekarun 1980, da iPSC na farko da Intel ya fitar a 1985, suna sauke fakiti gaba ɗaya a kowane zango kafin su ɗora shi gaba. Ka lissafa da kanka: fakiti mai bait 4,096 a kan waya mai gigabit 100 a sakan yana cin kusan maikurosakan 0.33 kafin ya gama shiga. Idan zango biyar zai yi, ya haura 1.6 ke nan a saukewa da ɗorawa kaɗai. Tun a 1979 Kermani da Kleinrock suka kawo dabarar ratse: da zarar kan fakiti ya iso an ga inda ya nufa, in ƙofar fita a buɗe take, ya wuce kawai, jikinsa na biye. Sai a biya 0.33 ɗin sau ɗaya, a ƙara ɗan jinkirin kowace rauta. Sharaɗinta shi ne kowace rauta tana da gurbin da zai ɗauke cikakken fakiti idan hanya ta toshe. A wancan zamani ma'ajiya a cikin cif tana da tsada ƙwarai, sai William Dally da Seitz suka fito da salon tsutsa a cif ɗin rautar toras da suka ƙera a 1986. Aka yanyanka fakiti zuwa ƙananan guntaye, wato filit, aka bar wa kowace ƙofa gurbin filit kaɗan. An samu sauƙin kuɗi, amma ka riƙe wannan da kyau: idan kan tsutsa ya tsaya, jikinta yana kwance ne a cikin rauta uku ko huɗu a baya, kuma duk layin da ta kwanta a kai babu mai shigarsa sai wutsiyarta ta wuce.

To yaya mai turawa yake sanin akwai gurbi a gaba? Hanyar da ta fi tsafta ita ce ta kiredit. Rautar baya tana riƙe da ƙidaya, wadda ta fara da yawan guraben da ke bafar rautar gaba. Ta tura filit ɗaya, ta rage ɗaya. Rautar gaba ta fitar da filit daga bafarta, ta mayar da kiredit ɗaya, ƙidaya ta ƙaru. Ƙidaya ta kai sifili, a dakata. Ka ga ɗan garuwa da jarkokinsa a bakin rijiyar burtsatse: ba a cika sai jarkar da ta dawo babu komai a ciki. In jarkoki kaɗan ne kuma gidan da ake kai wa ruwa na da nisa, famfo zai zauna a rufe ana jiran su dawo, ga ruwa ga mai buƙata. In jarkokin sun isa yadda kafin a cika ta ƙarshe ta farko ta dawo, famfo ba zai huta ba. Daga nan ko ka ƙara jarka ɗari, famfon ba zai zubo fiye da ƙarfinsa ba.

Amsar rabin tambayarka ke nan. Ka ƙirga bugun agogo nawa ne daga lokacin da filit ya bar rauta, ya haye waya, ya bi matakan rautar gaba, ya fita, kiredit ya dawo aka ƙara a ƙidaya. A ce bugu 6 ne a manhajarka. Da bafa mai filit 4, za ka tura huɗu ka zauna bugu biyu kana jira, wato kashi biyu cikin uku na ƙarfin waya kawai kake mora. Da ka ɗaga zuwa 8 sai ka rufe wannan giɓi, shi ya sa ka ga ci gaba. Daga 8 zuwa 32 babu sauran giɓin rufewa, ɗan abin da ka samu na shanye cunkoson ɗan lokaci ne kawai. A injin gaske lissafin ɗaya ne, sai dai tsawon waya ke da babban kaso. Haske a cikin igiyar fayiba yana cin kusan nanosakan 5 a kowace mita. Igiya mai mita 100, zuwa da dawowa maikurosakan 1 ke nan. A gudun gigabit 200, bait 25,000 ne ke kan hanya a cikin wannan lokaci, kuma dole bafar ƙofa ɗaya ta iya ɗaukarsu, kafin ma a sa jinkirin rautar kanta. Gudu ya ninka, bafa ta ninka. InfiniBand, wata hanyar sadarwa ta manyan kwamfutoci, da kiredit yake aiki, yana ƙirga shi a dunƙulen bait 64.

Akwai ɗaya hanyar, ta "tsaya" da "ci gaba". Mai karɓa yana kallon bafarsa, in ta kai wani ma'auni ya aika a tsaya, in ta sauka ya aika a ci gaba. Myrinet, wata hanyar sadarwa ta shekarun 1990, haka ya yi, haka ma Ethernet da aka yi wa gyara don kada ya zubar, da ƙa'idar PFC ta 2011 mai matakan fifiko 8. Tana da sauƙin ƙerawa, amma dole a bar sarari a saman ma'aunin wanda zai ɗauke duk abin da ya riga ya taso kafin umarnin ya isa, kuma wannan sarari yawancin lokaci a banza yake zaune. Ni dai ga aiki irin naka kiredit nake ba da shawara, don kowane gurbi an san lissafinsa.

Akwai kuma rufin da babu bafar da ke huda shi, kuma ɗalibai da yawa ba sa lissafa shi kafin su fara gwaji. Raba ragarka gida biyu, rauta 32 a hagu, 32 a dama. Wayoyi 8 ne ke haye wannan yanka daga hagu zuwa dama. Idan kowa na tura wa kowa ba zaɓi, kusan rabin abin da na hagu ke turawa dama ya nufa. Wato 32 sau rabin lodi dole ya bi ta wayoyi 8, sai lodi ya tsaya a filit 0.5 ga kowace rauta a kowane bugu. Toras na da wayoyi 16 a wannan yanka, nasa rufin 1.0 ne. Ka fara zana layin wannan rufi a jadawalinka, sannan ka tambayi kanka nawa ne tazarar da ta rage tsakaninka da shi, kuma me ke cin ta.

Abin da ke cin ta galibi shi ne na gaba ya tare na baya. Layi ɗaya gare ka a kowace ƙofa. Fakitin da ke kan gaba yana son fita ta gabas, gabas a toshe. Wanda ke bayansa arewa yake so, arewa a buɗe, amma ba shi da ta yi. A 1987 Karol da Hluchyj da Morgan suka nuna da lissafi cewa babban suwic mai layi ɗaya a kowace ƙofar shiga, ko da layin ba shi da iyakar tsawo, ba ya wuce kusan kashi 58.6 cikin ɗari na ƙarfinsa idan saƙonni na tafiya ko'ina ba zaɓi. Ka lura da sharaɗin: ko da tsawonsa ba iyaka. Ashe ba a girman bafa gizo ke saƙar ba, a yadda aka tsaga ta ne. Filit 32 ɗin nan naka, da ka raba su layi huɗu masu takwas-takwas, duk suna karɓa-karɓa a kan waya ɗaya, kowane da ƙidayar kiredit ɗinsa, da ka ga bambanci na gaske, don tsutsar da ta maƙale layi ɗaya kawai za ta riƙe, sauran su wuce ta gefenta. Waɗannan layuka su ne VC da kake gani a littattafanku, kuma Dally ya nuna amfaninsu ta wannan fuska a farkon shekarun 1990. InfiniBand ya yarda da har layi 15 na bayanai, da ɗaya na musamman don saƙonnin gudanarwa.

Su ma ba kyauta ba ne. Kowane layi da ka ƙara yana ƙara wa alƙalin da ke raba ƙofofi aiki, kuma in ka tsaga bafa ƙanana da yawa har kowane layi ya gaza rufe zagayen kiredit, ka koma gidan jiya. Tamir da Frazier sun kawo tsaka-tsaki a 1988: ma'ajiya ɗaya a ƙofa, layuka na ɗiban gurbi daga cikinta gwargwadon buƙata. Dabara ce mai kyau, kuma irinta ta bazu a suwic na zamani. Sharaɗinta ɗaya ne da ba a wasa da shi: a keɓe wa kowane layi ɗan gurbinsa da ba mai taɓawa. In ba haka ba, layi ɗaya da ya toshe zai cinye ma'ajiyar duka, ya kashe rabuwar da aka yi layukan dominta.

Yanzu ga toras ɗinka. Ɗauki takarda ka zana rauta huɗu a zobe, A da B da C da D. A lokaci guda kowacce ta tura fakiti zuwa ta biyu a gabanta: A zuwa C, B zuwa D, C zuwa A, D zuwa B, duka ta hannu ɗaya. Fakitin A ya kama layin A zuwa B, kansa ya isa B, yana neman layin B zuwa C. Wannan layi yana hannun fakitin B, wanda kansa ke C yana neman layin C zuwa D. Shi kuma yana hannun fakitin C, mai jiran layin D zuwa A, wanda fakitin D ya riƙe yana jiran layin A zuwa B. An yi cirko-cirko. Kowace ƙidayar kiredit ta sauka sifili, kuma babu wanda zai fitar da filit balle kiredit ya dawo. Babu abin da ya lalace, kowa dokar da aka ba shi yake bi. A suwic ɗin kasuwa da tuni an zubar da fakiti ɗaya hanya ta buɗe, amma mu mun hana zubarwa.

Ka ƙara bafa har fakiti ya shige gaba ɗaya, me zai faru? Wutsiya za ta saki layin baya, wani fakitin ya shigo, sai wani, har duk bafofin zoben su cika da fakitocin da kowanne ke jiran gurbi a gaba. Lokacin cikar kawai ka tsawaita, wanda shi ne daidai abin da ka ba ni labari. Raga kuwa ta tsira ne saboda kana tafiyar da fakiti a jere ya gama, sannan ya juya tsaye, ba ya komawa. Babu yadda jiran zai zagayo ya cije wutsiyarsa. Wayoyin zagaye na toras su suka mayar da kowane jere da kowane tsaye zobe. Dally da Seitz sun kafa ƙa'idar a 1987: ka zana taswirar wane layi ne ke iya jiran wane, in babu da'ira a cikinta, babu sarƙewa.

Maganinsu na zobe layi biyu ne kacal. Ka zaɓi waya ɗaya a kowane zobe ka mai da ita kan iyaka. Kowane fakiti ya fara tafiya a layi na 0, in ya haye kan iyaka ya koma layi na 1 ya ci gaba a can. Tunda babu fakitin da ke zagaye zobe har ya sake haye iyakar, da'irar ta tsinke. Idan ya juya daga jere zuwa tsaye, ya koma na 0 a sabon zoben. Cray T3D na 1993, wanda toras ne mai fuska uku, ya yi amfani da layuka huɗu: biyu na buƙata, biyu na amsa. Wannan rabuwa ta biyu tana maganin wata sarƙewar ce dabam, inda buƙatu ke cika hanya har amsoshin da za su ba su damar ƙarewa su rasa wurin bi. In manhajarka za ta kai ga buƙata da amsa, ka sa wannan a ranka tun yanzu.

Akwai wata dabarar da nake matuƙar so saboda ƙanƙantarta, wadda masu bincike a jami'ar Cantabria ta ƙasar Sifaniya suka fitar a ƙarshen shekarun 1990. Ba ta buƙatar layi na biyu, amma tana buƙatar salon ratse, inda bafa ke ɗaukar cikakken fakiti. Fakitin da ya riga ya shiga zobe, gurbi ɗaya ya ishe shi ya matsa gaba. Wanda ke son shigowa sabo, ko daga furosesa ko daga wani zoben, sai ya ga gurbi biyu. Da haka kullum akwai aƙalla gurbi ɗaya da ya rage a zoben, kuma muddin yana nan wani zai iya matsawa. IBM ya yi amfani da ita a Blue Gene/L, injin da ya hau kan TOP500, jerin kwamfutocin da suka fi sauri a duniya, a Nuwamba 2004, wanda daga baya toras ɗinsa ya kai 64 sau 32 sau 32, gaɓoɓi 65,536, da fakitoci daga bait 32 zuwa 256. A can sun haɗa ta da ƙa'idar José Duato ta 1993: a bar fakitoci su zaɓi hanyar da ta fi sarari a wasu layukan, ko da akwai da'ira a cikinsu, muddin akwai layin tsira guda da ba ya sarƙewa wanda kowa zai iya faɗawa in ya rasa mafita. Ka duba inda maganin ya fito: daga dokar wa ake bari ya shiga da kuma yaushe.

Wani abu ɗaya da ban so ka rufe aikinka ba ka gwada ba. Ka sa rauta goma ko ashirin su dinga tura wa guda ɗaya. Ƙofar wannan ɗaya za ta cika, ta hana kiredit, na bayanta su cika, su ma su hana, cunkoso ya yi ta yaɗuwa baya kamar rassa. Pfister da Norton na IBM sun bayyana wannan tun 1985. Abin baƙin cikin shi ne fakitocin da ba ruwansu da wurin, hanya kawai suka haɗa, su ma sai su maƙale. A nan babbar bafa cutarwa ma take yi, don dogon layi ne wanda ba shi da laifi zai tsaya a bayansa. Kiredit tsakanin rauta da maƙwabciyarta yake aiki, bai san wanda ya jawo cunkoson ba. Dole sai an samu hanyar gaya wa masu turawar su sassauta tun daga tushe. InfiniBand yana sa alama a fakitin da ya ratsa cunkoso, mai karɓa ya mayar wa mai turawa da sanarwa. Masu amfani da RoCE, wato salon aikin InfiniBand a kan Ethernet, suna haɗa PFC da alamar cunkoso ta ECN don wannan dalili. Hanyar Slingshot da ke cikin Frontier, injin Oak Ridge na Amurka da ya fara haye ma'aunin eksa, wato lissafi biliyan sau biliyan a sakan, a jerin TOP500 a 2022, babban abin da aka yi ta yabawa a kanta shi ne yadda take gano masu jawo cunkoso ta rage musu gudu su kaɗai.

Ga abin da zan so ka yi a makon nan. Ka fara auna zagayen kiredit a manhajarka da ƙidaya ta zahiri, kada ka yi hasashe, ka sa zurfin kowane layi ya kai wannan adadi. Ka sa layi biyu da kan iyaka a toras, ka tabbatar tsayawar ta ɓace ko da ka ɗura lodi fiye da ƙima na dogon lokaci. Sannan ka riƙe jimillar bafa a 32 ka gwada rabo dabam-dabam: biyu masu 16, huɗu masu 8, takwas masu 4. Ka tuna a toras rabin layukan na gaban iyaka ne, rabi na bayanta. Wannan jadawali shi ne zai zama zuciyar babinka. Kada ka tsaya ga lodin kowa-da-kowa, don shi ne mafi sauƙi ga kowace hanya. Ka gwada wanda kowace rauta ke tura wa wadda ke kusan rabin zobe daga gare ta, duka ta hannu ɗaya, shi ke fito da aibin toras. Wajen auna jinkiri kuma, ka fara ƙirga daga lokacin da aka haifi fakiti, har da zamansa a layin furosesa kafin ya samu shiga, in ba haka ba jadawalinka zai nuna lafiya alhali hanya ta cika. In ka gama, ka sa saitin iri ɗaya a BookSim, manhajar kwaikwayon hanyar sadarwa ta jami'ar Stanford, ka kwatanta da naka.

Kafin ka gyara sarƙewar, ka bar ta ta sake faruwa sau ɗaya. Ka sa manhajar ta lura da lokacin da aka yi bugu dubu ba filit ɗin da ya motsa, ta buga maka kowane fakiti da layin da ya riƙe da wanda yake jira. Ka bi jerin da biro har ka dawo inda ka fara, ka sa wannan zane a cikin kundinka. Ka turo mini shi tare da adadin zagayen kiredit ɗin da ka auna, sai mu duba rabon layukan tare. Allah ya ba da sa'a.